Ƙaton Kan da Ya Leƙo Bayan Inna

Matso kusa, jawo tabarmar nan ka zauna, in ba ka labarin ranar da muka ɗauki hoton gidanmu, mu da wani mutumin da ba wanda ya gayyace shi.

Shekarar da aka dawo da siyasa ne, sojoji sun ce za su koma bariki. Aka yi ta zaɓe, yau na wannan gobe na wancan, har babban yatsana ya gaji da dangwale. Ina gidan nan da nake har yau, a Wudil, can ƙasa inda in iska ta taso daga kogi kana jiyo ƙanshin soyayyen kifin bakin gada. Mu ne da maigida, da yara, da Inna uwar mijina.

Inna tana da wani ciwo guda da ba ta faɗa, ɗan autanta. Ƙanin maigida ne, kowa Auta yake ce masa. Ya tafi Jidda yana ɗinki tun ina goyon 'yata ta biyu, ga shi yarinyar har ta iya tuƙa tuwo bai dawo ba. Sai dai kaset. Ya yi magana a kaset ya aiko, mu ma mu taru a gaban rediyo mu yi masa tamu. In aka zo kan Inna sai ta gyara murya ta ce, "Lafiyata ƙalau, ka zauna ka yi aikinka, kar ka ce za ka zo." Tana gama faɗa sai ta shige ɗaki. Da azahar kuwa, in gida ya yi shiru, ina jin ta tana maimaita kaset ɗinsa har batir ya yi sanyi, muryar Auta ta koma kamar ta tsohon sa. So take ta gan shi da idonta tun tana da rai, amma kawaici ba zai bar ta ta ce masa zo ba. Ni na sani, maigida ya sani, ba mai iya tayar da zancen.

Ana nan sai wani mai kai labari ya gaya wa Auta wai Inna ta faɗi a bakin rijiya ba ta ko tashi. Faɗuwar kam an yi, amma zama kawai ta yi daɓas a kan laka, ta tashi da kanta ta bi agwagwar da ta gitta mata da zagi. Muka aika masa cewa lafiyarta ƙalau, Auta bai yarda ba. Ya aiko kaset yana cewa shi murya ba ta ishe shi ba, a ɗauko masa hoton Inna tare da kowa da kowa na gidan, ya gani. Ga maƙwabcinmu mai sayar da hatsi zai tafi aikin hajji a shekarar, kullum kunnensa na jikin rediyo yana jiran a kira jirginsu. Shi zai kai. In ya tashi ba hoton, sai kuma baɗi.

Inna ta ce ita ba za ta je shagon hoto ba, ba za ta zauna a bakin tasha 'yan kamasho suna leƙenta ba. Sai dai mai hoto ya zo gida. To gidanmu ba a shiga, amma shi mai hoton bakin tasha ɗan aminiyarta ne marigayiya, ita ta yi masa wanka yana jariri. Mutum ne da tumbinsa da 'ya'yansa, amma in ya zo gaishe ta har yau "kai ɗan nan" take ce masa. Aka ce shi ya shigo.

Ya zo duba wuri ya tsaya a tsakar gida yana juyi. Nan madafi ne, bango baƙi ƙirin da hayaƙi. Nan ƙofar banɗaki. Cikin ɗaki duhu. Wurin da ya rage mai fili shi ne gaban katangar yamma, ita kuwa damina ta cinye rabinta, an toshe da zana, ta bayan zanan kuma bunsurun maƙwabta yana zura kai duk lokacin da ya ga dama.

"Ba za a nuna wa yaron nan wannan ba," in ji Inna. "Sai ya ce a kango nake kwana."

Mai hoto ya ce ai da sauƙi, yana da labulen baya a shago, mai zanen bene hawa-hawa da jar mota a ƙofa da ruwa yana tsiri sama. Sai dai haya ake yi, ga kuɗin ɗauko shi. Da ya faɗi kuɗin sai da maigida ya cire hula ya sosa ƙeya, don siyasa ta riga ta kakkaɓe masa aljihu.

Inna ba ta kiran sunan maigida, ɗan fari ne. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan ya mayar da hularsa. Yaro ya san gidan ubansa, yaushe muka yi bene? Mu nemi abin da muke da shi."

To fa, neman ya faɗo kaina. Na fara da zanen gadona na aure, fari mai fulawa shuɗiya, wanda nake ji da shi. Muka ware shi ni da babbar 'yata a rana, sai ga aikin ƙaramin ɗana a tsakiyarsa, tabo mai faɗi da rassa, wanki ya kasa fitar da shi. Maigida ya leƙo ya ce, "Wannan ai kogin Wudil ne da ambaliyarsa, har ga inda ya ratsa ta Ɗankaza." Na naɗe abina.

Na ɗauko dardumar bango mai hoton dawisu, wadda Auta da kansa ya aiko. Kyau kam akwai kyau, sai dai ƙarama ce. In Inna ta zauna a gabanta, ita da kafaɗar maigida guda kawai take rufewa, sauranmu muna cikin zana tare da bunsuru. Ga jelar dawisun tana fitowa daidai saman ɗankwalin Inna, kamar ita ce ta baza ta.

Aka rataya tabarma. Inna ta ce ita ba tattasai ba ce da za a shanya ta. Na haɗa zannuwana biyu da allura, ɗaya mai zanen kifi ɗaya mai zanen agogo, na rataya na ja da baya na duba, ni kaina sai da jiri ya ɗebe ni. Na aika wajen maƙwabciyata aron labulenta sabo, ta aiko a ce mini ta yarda, amma da sharaɗin ita da 'ya'yanta duka za su shiga hoton, kuma ita a kusa da Inna. Na ce a gaishe ta.

Ina durƙushe ina laluben ƙarƙashin gadon maigida ko zan dace da wani tsohon bargo, sai hannuna ya taɓo wani abu a naɗe, mai nauyi. Na jawo. Ƙyallen kamfen ne.

Bari in gaya maka asalinsa. Akwai wani dillalin shanu na Kara da ya tsaya takarar kansila, maigida kuwa ya ɗauki abin nan ya ɗora a ka kamar shi za a zaɓa. A zaurenmu ake taro, kullum mutumin yana nan da jama'arsa, ni ce dama fura ni ce dafa shayi. Da yake Inna ce babba a unguwa, mata suna jin maganarta, sai ya riƙa aiko mata da sabulu da gishiri, har da turmin atamfa. Ranar zaɓe ya sha ƙasa, irin shan ƙasar da har aka riƙa cewa ko a gidansa ba kowa ya dangwala masa ba. Maigida ya kwana biyu ba ya cin tuwo sosai. Ƙyallen da ake ɗaurawa a jikin motar kamfen shi ne ya naɗo ya kawo gida ya tura ƙarƙashin gado, ba ya son ko ganinsa.

Ƙaton farin yadi ne mai kauri, ya fi tsawon ɗakina. A gabansa an zana kan ɗan takarar da fenti, wani mai zana bayan manyan motoci ne ya yi, shi ya sa idanun suka ɗan yi kama da na zaki. Ga hula a karkace, ga murmushi tun daga wannan kunne har wancan, da haƙorin Makka guda yana walƙiya. A ƙasa kuma rubutu. Amma da na juya bayansa, fari fes! Ko ɗigo babu.

"Malam, zo ka ga ikon Allah," na ce. "Ga labule kyauta."

Ya dube shi ya kawar da kai. "Ke dai ki tabbata fuskar nan bango take kallo. Na gaji da ganinta."

Na zuba garwashi a dutsen guga na goge shi tas. Da safe muka rataya shi a igiyar shanya, gaban katangar yamma, fuskar tana kallon zana, farin yana kallonmu. Na ɗaure gefe da gefe, na danne ƙasan da duwatsun murhu. Inna ta fito ta duba ta ce, "Yawwa 'yar nan, yanzu kika yi aiki." Ranar har wani taku na canza.

Mai hoto ya ce da hantsi zai zo. Tun da sassafe na yi wa yara wanka, na shafe su da mai har suna ƙyalli, na zizara musu kwalli. Maigida ya sa babbar rigarsa ta sallah. Inna ta ɗaura atamfarta ta zauna a kan kujera ba ta ko jingina, kar ta yamutse. Hantsi ya wuce. Azahar ta yi. Yara suka yi birgima a ƙasa na sake wanke su, ƙaramin ya zubar da koko a riga na juya masa ita gaba ta koma baya. Maigida ya cire babbar riga, ya mayar, ya sake cirewa. Sai bayan la'asar muka ji ƙarar babur. Mai hoto ne, wai taron suna ya je ɗauka a Kausani, taya ta yi faci a hanya.

Lokacin rana ta riga ta gangara yamma, ta sauko daidai inda katangar nan ta zube, tana dukan ƙyallen ta baya. Mu kuwa wa ya kula? Kowa rububin wurin tsayawa yake. Inna a tsakiya kan kujera, maigida a damanta, ni a hagunta da goyo, yara a durƙushe a gaba. Duk wani mai rai a gidan ya shiga sahu, ba a bar ko mutum ɗaya da zai tsaya gefe ya duba mana ba. Dukkanmu mun ba ƙyallen baya.

Mai hoto ya kanga kyamara a ido. Ya sauke. Ya dubi saman kanmu, ya dubi maigida.

"Yaya, haka kuke so?"

"Haka muke so mana! Tun safe muke shanye kamar kuɓewa, ka ɗauka kafin rana ta faɗi."

"To shi ke nan, kowa da ra'ayinsa. Kar wanda ya motsa, kar wanda ya waiwaya. Inna, a ɗan saki fuska."

"Kai ɗan nan, haka fuskata take tun kafin a haife ka."

Wuta ta yi wal, aka gama. Yara suka watse, na kwance ƙyallen ina ta yaba wa kaina.

A Kano ake wanke fim, sai aka yi ta jira. Hoton bai iso ba sai safiyar da aka kira jirgin su maƙwabcinmu, mota tana ƙofar gidansa ana ta loda jaka, mata suna ta koke-koken sallama. Mai hoto ya shigo da gudu ya miƙa wa maigida ambulan. Muka taru a kansa.

Mun fito kam, kowa ya yi kyau, Inna zaune daram kamar ba ta taɓa ganin rijiya ba. Amma a samanmu, daidai bisa kan Inna, ga wani ƙaton kai ya leƙo, dishi-dishi kamar a cikin hayaƙi, hula a karkace, yana murmushi da haƙorin Makka. Rana ce ta hasko fentin ta baya. Rubutun ƙasa duk jikinmu ya tare shi, sai kan kawai, ya fi mu duka girma, ya sunkuyo yana duban Inna kamar ya ga abin da yake so.

Maigida ya yi salati. "Kai! Ba ka ga wannan ba lokacin da kake ɗauka?"

"Na gani mana, ai har na tambaye ka," in ji mai hoto. "Duk garin nan wa bai san kai nasa ba ne? Na ɗauka biyayya ce, ka ce ko ya faɗi kana tare da shi. Har na ce a raina, wallahi Yaya ɗan amana ne."

Ni kuwa abin da ya faɗo mini daban ne, kuma da ya faɗo sai na cusa bakin mayafi a baki. A lokacin akwai wani yayi da masu hoto suke yi wa amare: a ɗauki amarya a zaune, sannan a ɗora fuskar ango a sama, dishi-dishi, yana dubanta. Kowane ɗakin amarya ka shiga sai ka gan shi a bango. To hoton nan namu ba shi da maraba da wannan. Amma wace ce ni da zan dubi uwar mijina in ce ta fito kamar amarya? Sai na yi ta tari.

"Ba za a aika wannan ba," in ji maigida. "A sake wani."

"Mota za ta tashi," in ji mai hoto.

Inna ta miƙo hannu aka ba ta. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta daɗe tana kallo. Sannan ta mayar da shi cikin ambulan da kanta, ta lashi bakin ta manne.

"A kai masa. Hoto ya ce, ga hoto."

"Inna, ko a yi kaset a yi masa bayani?"

"A gaya wa wancan batir ya ƙare."

Abin da ya faru a can, daga bakin maƙwabcin namu muka ji bayan ya dawo da Alhajinsa, kuma har ya rasu bai gane laifin da ya yi ba. Ya ce Auta ya zo masaukinsu ya karɓi saƙo, ya buɗe yana dariya, sai dariyar ta tsaya. Ya nuna kan ya ce, "Baba, wannan wane ne?" Shi kuma ya duba ya ce, "A'a, ai mutumin kirki ne, dillalin shanu ne a Kara. Kwanakin baya kullum yana zaurenku, shi da mutanensa. Yana ji da tsohuwarka ƙwarai, sabulu, gishiri, wannan atamfar ma da ke jikinta ina jin shi ya kawo." Ya ce Auta ko lemon da aka ba shi bai sha ba, ya tashi ya fita.

Kwanakin da aka rantsar da sabuwar gwamnati, an fara yayyafin farko, ina tsakar gida ina tankaɗe da rana tsaka, sai na ji an banko ƙofar zaure. Wani mutum ya shigo da jallabiya da ƙatuwar jaka, ya yi ƙiba ya yi gemu. Sai da ya yi magana na gane Auta ne.

"Ina yake?"

"Lale lale! Mijina na kaina, saukar yaushe? Ko sallama babu?"

"Matar Yaya, bar wasan nan. Ina mutumin yake? A nan yake kwana ko ita ake kai masa?"

Inna ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Ta tsaya. Na ga ta kama bakin zanenta ta damƙe. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta sake dubawa. Sannan ta ce, "Wa ya ce ka zo? Ba na ce ka zauna ka yi aikinka ba?"

Ya durƙusa ya gaishe ta a gaggauce, ya zaro hoton daga aljihu, duk ya lanƙwashe don kallo. "Inna, da girmanki? Da jikokinki? Kuma a rasa wanda zai gaya mini, sai dai in gani a hoto? Shi Yaya yana zaune aka yi wannan?"

"'Yar nan, kawo masa ruwa. Ki ɗora tukunya, ki kama zakaran nan."

"Ni ba abinci na zo ci ba. Yau sai na je Kara na ga mai haƙorin nan."

"Ka ci tukuna. Da yunwa za ka je ka yi faɗa da mai shanu?"

Wallahi haka ta bar shi yana huci har ya cinye tuwo malmala biyu, tana zaune a gabansa tana tura masa nama, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni ina madafi ina dariya hayaƙi yana shiga mini ido. Sai da maigida ya dawo daga kasuwa, ya ji abin da ake ciki, ya zauna a ƙasa don dariya, sannan ya shiga ya jawo ƙyallen ya ware shi a tsakar gida. Auta ya tsaya a kan ƙaton kan nan, ya karanta rubutun ƙasa a hankali, ya dubi hoton hannunsa, ya dubi Inna.

"Na bar keken ɗinkina da kayan mutane a yanke," ya ce.

"Ai sai ka koma," in ji Inna. "Amma ba yau ba. Ka ga an fara ruwa."

Bai koma ba sai bayan an yi girbi. Duk daminar nan a ƙofar ɗakinta yake karyawa, tana yi masa faɗa wai ya cika sa sukari a koko. Ni kuma na samu abin tsokana, in ya shigo sai in ce, "Mijina, baban naka na Kara ya aiko a gaishe ka." Ya ce in na sake faɗa sai ya kai ni kasuwar Juma'a ya haɗa ni da shanun.

Bayan ya tafi, wata rana muna zaune ni da Inna a inuwa, na ga ranta a sake yake, sai na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, don Allah ranar nan da kika duba hoton, ba ki ga abin da zai ɗauka ba?"

Ta ce, "Ni 'yar nan idona ya mutu, me nake gani? Dishi-dishi kawai." Tana faɗa tana zura zare a kafar allura, kuma a karo ɗaya ya shige.

To kai da ka ji yadda aka yi, tsakaninka da Allah, tsohuwar nan ta gani ko ba ta gani ba?